TABAR WIWI DA HANKALI: SAƁANIN MALAMAN MISRA DA SHAIDAR ƁERAYE

A wannan mako muna so mu ɗauko wata mas'ala wadda ta daɗe a cikin littattafan fiƙihu, amma sai a zamaninmu aka sami hanyar leƙa cikinta da ido. Mas'alar kuwa ita ce: me tabar wiwi take yi wa hankali? Duk wanda ya taɓa yi wa mashayinta nasiha ya san amsar da yakan samu. Wani ya ce ai ita ba giya ba ce, ganye ne. Wani ya ce tana kwantar masa da hankali, tana kore masa zullumi. Har akwai ɗaliban da suke raya cewa tana buɗe musu kai domin karatu. Waɗannan maganganu ba a kashe su da tsawa ko zagi, sai da hujja. Hujjar kuwa, cikin ikon Allah, mafi yawanta daga ɓeraye da birai aka samo ta.

Kafin mu shiga ɗakin gwaji, ya kamata mu fara tsayawa a Alƙahira. Tabar da Larabawa suke kira hashisha ba ta shahara a zamanin limaman mazhabobi huɗu ba, saboda haka ba su yi magana a kanta ba. Sai wajen ƙarni na 7 na Hijira ta bazu a Misra da Sham, malamai suka tsaya yi mata hukunci. Daga cikin waɗanda suka zurfafa akwai babban malamin Malikiyya, Imam Shihabuddin Alƙarafi, wanda ya rasu a shekara ta 684 ta Hijira, watau 1285, Allah Ya yi masa rahama. A cikin littafinsa Alfuruƙ ya kasa abubuwan da suke taɓa hankali kashi uku. Akwai muskir, wanda yake gusar da hankali tare da kawo nishaɗi da annashuwa, kamar giya. Akwai mufsid, wanda yake rikita hankali ba tare da wannan nishaɗi ba. Sa'an nan akwai murƙid, wanda yake tafiya da hankali da ji da gani gaba ɗaya. Wannan rabo ba na wasa da kalmomi ba ne, domin a wurinsa hukunci uku sun rataya ga muskir shi kaɗai: haddi, da najasa, da haramcin kaɗan ɗinsa ko da bai kai ga maye ba.

Alƙarafi ya sanya hashisha a kashi na biyu. Dalilinsa kuwa lura ce irin ta mai idon basira. Ya ga masu shan giya suna tashi da ƙarfin hali da rigima da dambe, amma masu hashisha sai su yi lamo, su yi shiru, jiki ya mutu. Ya kuma lura cewa ba ta yi wa mutane aiki iri ɗaya: wani ta sa shi murna, wani barci, wani kuka da firgita, wani zafin rai. Bisa ilmin likitanci na zamaninsa sai ya fassara wannan da cewa tana motsa ɗabi'ar da ta fi rinjaye a jikin kowane mutum.

Amma wani malamin Malikiyya na Misra, Shaihu Abdullahi Almanufi, wanda ya rasu a shekara ta 749 ta Hijira, bai yarda da haka ba. Shi ne malamin Shaihu Halilu mai Muhtasar, littafin da babu zauren ilmi a ƙasar Hausa da bai san shi ba, kuma Halilu ne ya naƙalto ra'ayin malaminsa a cikin sharhinsa Attaudih. Almanufi ya ce muskir ce. Hujjarsa ita ce ana ganin masu shan ta suna sayar da dukiyarsu dominta, da ba su jin wani daɗi a cikinta da ba su yi haka ba, alhali ba a taɓa ganin wanda ya sayar da gidansa domin ya sayi saikaran ba, wani tsiro dangin zaƙami mai juyar da kai. Ibnu Taimiyya, daga Hambaliyya, shi ma ya tafi a kan cewa muskir ce, kuma mai shan ta ya cancanci haddi. Mu lura da kyau, dukansu sun haɗu a kan haramcin shan abin da zai rufe hankali daga cikinta. Saɓaninsu a kan haƙiƙanin abin da take yi ne. To, shi wannan haƙiƙani shi ne masana kimiyya suka yi kusan shekara ɗari biyu suna bin sawunsa a jikin dabbobi.

Na farkon da ya kamata a ambata shi ne wani likita ɗan ƙasar Ayalan, William O'Shaughnessy, wanda yake koyarwa a makarantar likitanci ta Kalkata a Indiya. A shekara ta 1839 ya ba da labarin yadda ya ciyar da dabbobi iri iri da ƙaron wannan tsiro kafin ya gwada shi a kan marasa lafiya. Ya ga karnuka da kyanwoyi da ungulaye suna buguwa, suna tangaɗi, amma dawaki da awaki da tumaki da shanu abin bai cika damunsu ba. Daga nan kare ya zama ma'aunin ƙarfin wiwi na tsawon shekaru: a ba shi, in ya tsaya cik yana layi kamar zai faɗi, an san ganyen yana da ƙarfi. Amma wane abu ne a cikin ganyen yake yin wannan aiki, sai bayan fiye da ƙarni guda aka tabbatar. A shekara ta 1964 Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni, a cibiyar bincike ta Weizmann a Isra'ila, suka tace hashisha da suka karɓo daga hannun 'yan sanda, suka ware sinadarin da ake kira THC, suka bayyana siffarsa. Da aka ba birai shi, sai suka yi laƙwas.

Abin da ya biyo baya shi ne abin mamaki. A shekara ta 1988 Allyn Howlett da ɗalibinta William Devane, a jami'ar Saint Louis ta Amurka, suka gano cewa a ƙwaƙwalwar ɓera akwai wasu 'yan wurare a jikin ƙwayoyin jijiya waɗanda sinadaran wiwi suke shiga su zauna daram, kamar yadda mabuɗi yake shiga kwaɗonsa. Daga baya aka sa wa wannan kwaɗo suna CB1. A shekara ta 1990 Miles Herkenham ya zana taswirar wuraren da yake, sai ga shi cunkushe a sashen da yake kula da tunawa, da sassan da suke kula da motsi da daidaita tafiya, amma ƙalilan ne a gindin ƙwaƙwalwa inda ake sarrafa numfashi. Wannan taswira ita kaɗai ta bayyana abubuwa biyu: dalilin tangaɗin karnukan Kalkata, da dalilin da ya sa wiwi ba ta tsayar da numfashi kamar yadda hodar heroin take yi. Mashaya sukan riƙe wannan batu na biyu su ce ai ba ta kisa. Gaskiya ne ba ta cika kashe jiki nan take ba, amma tambayarmu a kan hankali take.

Mai hankali zai tambaya: me kwaɗon ganye yake yi a kan ɓera, dabbar da ba ta san wiwi ba? Lalle ne akwai mabuɗi na asali wanda aka halicci kwaɗon dominsa. A shekara ta 1992, a Birnin Ƙudus, Devane da Lumir Hanus da Mechoulam suka ciro shi daga ƙwaƙwalwar alade, suka kira shi anandamaid, daga wata kalma ta tsohon harshen Indiya mai ma'anar ni'ima. A shekara ta 1995 aka sami na biyu, mai suna 2-AG, a Isra'ila da Japan. Watau dai jikin kowane ɗayanmu, da malami da jahili, da wanda bai taɓa jin warin wiwi ba, yana ƙera wasu sinadarai masu buɗe wannan kwaɗo. Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya tsara wannan.

Domin a fahimci aikinsu, sai mu kwatanta ƙwaƙwalwa da doki. Ƙwayoyin jijiya suna aika wa juna saƙo da sinadarai, manya daga cikinsu guda biyu ne: gulutamet, wanda yake kamar ƙaimi, yana zaburar da ƙwayar da ya isa gare ta, da GABA, wanda yake kamar linzami, yana ja mata baya. A shekara ta 2001 ƙungiyoyin masu bincike uku, biyu a Amurka ɗaya a Japan, suka nuna cewa idan saƙo ya yi wa ƙwaya yawa, sai ta ƙera irin wannan sinadari na asali nan take, ya koma da baya zuwa ga mai aikowa, ya buɗe kwaɗon CB1, saƙon ya ragu. Kamar dai mai sauraro ne ya ɗaga hannu ya ce wa mai magana ya sassauta. Ana ƙera shi a wurin da ake bukata, a lokacin da ake bukata, kana a rushe shi ba da jimawa ba. Shi kuwa THC, idan ya shiga jini, ba ya zaɓen wuri. Yakan taɓa dukan kwaɗuna a lokaci guda, na kan ƙaimi da na kan linzami, kuma da yake yana narkewa a cikin kitse, yakan daɗe a jiki. Mabuɗin jabu ne wanda ya buɗe dukan ƙofofin gida ya bar su a buɗe.

Yanzu sai mu zo ga batun tunawa, wanda ya fi shafar ɗalibai da masu hadda. A can cikin ƙwaƙwalwa, ta wajen kunnuwa, akwai wani sashe mai lanƙwasa da ake kira hifokamfos. Shi ne yake karɓar sabon abu ya riƙe shi kafin a adana. Yaya za a tambayi ɓera abin da ya tuna? A jami'ar Wake Forest ta Amurka, Samuel Deadwyler da Robert Hampson da abokin aikinsu Charles Heyser sun koya wa ɓeraye wani wasa. Ana fito wa ɓera da wani ɗan madanni, ko na dama ko na hagu, ya danna. Sai a sa shi ya jira na 'yan daƙiƙoƙi, sa'an nan a fito masa da duka biyun, in ya tuna wanda ya danna da fari ya sami ladan ruwan sha. A shekara ta 1993 suka ba da sakamako: ɓeran da aka yi wa allurar THC, idan jiran gajere ne ƙwarai yakan ci, amma da zarar jiran ya yi tsawo sai ya shiga kuskure. Bai manta dokar wasan ba, bai rasa ƙarfin dannawa ba, abin da ya faru yanzun nan shi ne yake zubewa daga kansa. Kuma irin kuskurensa ya yi kama da na ɓeran da aka lalata wa hifokamfos da gangan. Washegari kuwa, da sinadarin ya sake shi, sai ya koma daidai.

An maimaita irin wannan ta hanyoyi da yawa, a cikin wani kwami na ruwa inda ɓera yake neman ɓoyayyen dandamalin da zai hau, da kuma a wani gini mai lunguna takwas inda yake bin abinci ɗaya bayan ɗaya. Ɓeran da ya sha yakan koma lungun da ya riga ya cinye abincinsa. Abin da ya fi burge mu shi ne binciken David Robbe da Gyorgy Buzsaki na shekara ta 2006 a jami'ar Rutgers. Sun sanya 'yan siraran wayoyi a hifokamfos suna sauraron ƙwayoyi masu yawa a lokaci guda. Sai suka tarar cewa sinadarin bai kashe muryar ƙwayoyin ba, kusan kowace tana aikinta gwargwadon yadda ta saba, amma sun daina yi tare. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin makarantar Islamiyya yana jin yara suna biya karatu baki ɗaya, ya san cewa in kowane yaro ya kama nasa lokaci, ko da babu wanda ya yi shiru, ba za a fahimci ko harafi guda ba. Haka hifokamfos ɗin mashayi yake. Ɗalibin da yake cewa tana buɗe masa kai, mai yiwuwa ne yana jin tunani yana ta kwararo masa, ba mu ƙaryata shi a kan abin da yake ji ba. Sai dai a tambaye shi da safe me ya rage.

A nan akwai wani abu mai zurfi da bai kamata mu tsallake ba. Mantuwa ita ma ni'ima ce, kuma wannan kwaɗo yana da hannu a cikinta. A shekara ta 2002 Giovanni Marsicano da Beat Lutz, a cibiyar Max Planck ta birnin Munich a Jamus, suka yi gwaji da wasu ƙananan ɓeraye waɗanda aka haifa ba su da kwaɗon CB1 sam. Ana kaɗa wa ɓera wata ƙara, a haɗa ta da ɗan jan lantarki a ƙafa. Daga nan duk lokacin da ya ji ƙarar sai ya sandare don tsoro. In aka ci gaba da kaɗa ƙarar ba tare da lantarki ba, ɓera mai lafiya yakan gane cewa haɗarin ya wuce, ya ci gaba da harkarsa. Su kuwa marasa kwaɗon sun koyi tsoron kamar kowa, amma suka yi ta sandarewa, tsoron ya ƙi sakinsu. Aka kuma tarar cewa a ɓera mai lafiya, lokacin da ƙarar take tashi, sinadaran nan na asali suna ƙaruwa a amigidala, sashen da yake kula da tsoro. Ashe da wannan tsari ne dabba take sauke tsoron da ya gama amfani.

An ga tabbacin haka a jikin 'yan Adam ta hanya mai ɗaci. A shekara ta 2006 aka yarda a sayar da wani magani a Turai mai suna rimonabant, domin rage ƙiba. Aikinsa toshe kwaɗon CB1, bisa tunanin cewa tun da wiwi tana buɗe ciki, toshe kwaɗonta zai rage ci. Ƙiba ta ragu, amma sai baƙin ciki da fargaba da tunanin kashe kai suka yawaita a tsakanin masu shan sa, aka janye shi a shekara ta 2008.

To, in haka ne, ashe mashayi yana da gaskiya da ya ce tana kore masa fargaba? Bari mu ga abin da ɓera ya ce. Ma'aunin fargaba da aka fi amfani da shi wani katako ne mai hannu huɗu da aka ɗaga sama da ƙasa kamar kamu guda, hannu biyu suna da bango, biyu kuwa fili ne. Ɓera yana son leƙe-leƙe, amma yana tsoron sarari da tsawo. In hankalinsa a kwance yake yakan fita fili, in yana cikin fargaba sai ya maƙale a lungu. Abin da aka yi ta gani a ɗakunan gwaji dabam dabam shi ne, ɗan kaɗan na THC yakan sa ɓera ya fita fili, amma in aka ƙara sai al'amarin ya juye, ya fi wanda bai sha ba tsoro. A shekara ta 2008 Tiziana Rubino da Daniela Parolaro a Italiya suka ɗiga sinadarin kai tsaye a sassa dabam dabam na ƙwaƙwalwa. Ɗan kaɗan a gaban goshi ko a ƙasan hifokamfos ya rage fargaba, amma a amigidala sai ya ƙara ta. A shekara ta 2012 ƙungiyar Lutz, a lokacin suna birnin Mainz, suka nuna da wani sinadari ɗan'uwan THC cewa natsuwar da kaɗan yake kawowa ta kwaɗunan kan ƙaimi take zuwa, firgitar da mai yawa yake kawowa kuwa ta kwaɗunan kan linzami. Kaɗan ya sassauta ƙaimi, doki ya lafa. Mai yawa ya tsinke linzami.

Ashe Alƙarafi bai yi kuskuren gani ba. Mai dariya da mai kuka da mai firgita a zama ɗaya, duk gaskiya ne. Abin da ya danganta ga ɗabi'o'in jiki, a yau an san yana da alaƙa da yawan abin da aka sha, da sashen ƙwaƙwalwar da ya fi taɓuwa, da halin da mai shan yake ciki. Mutuwar jiki da shirun da ya lura da su kuwa, suna cikin alamomi huɗu da masu bincike suke gane aikin wiwi da su a jikin ɓera: raguwar motsi, da sandarewa, da sanyin jiki, da raguwar jin zafi. Amma mu tuna cewa a ɗakin gwaji ana auna sinadarin ne da ma'auni mai tsananin daidaito bisa nauyin dabba. Wanda ya sayi ƙulli a bayan tasha bai san a wane gefen iyakar ya faɗa ba. Ganyen ma ba na jiya ba ne. A Amurka, inda ake auna wanda hukuma ta kama, THC ɗin da yake ciki ya tashi daga wajen kashi 4 cikin ɗari a shekara ta 1995 zuwa wajen kashi 12 a shekara ta 2014.

Saura hujjar Almanufi, ta masu sayar da dukiya. Da daɗewa masu bincike sun kasa tabbatar da ita, domin ɓera in an ba shi dama ya ba kansa hodar iblis ko heroin yakan yi ta dannawa, amma THC bai cika sonsa ba, sau da yawa ma yakan guji wurin da aka ba shi. Wasu suka kafa hujja da wannan cewa wiwi ba ta kama mutum. Sai a shekara ta 1997, a Cagliari ta Italiya, Gianluigi Tanda da Gaetano Di Chiara suka nuna cewa THC yana ƙara sinadarin dofamin a cibiyar lada ta ƙwaƙwalwar ɓera, wurin nan da heroin take taɓawa. A shekara ta 2000 Tanda da Steven Goldberg a Baltimore suka rage yawan allurar zuwa daidai abin da zuƙa ɗaya take kai wa jini, sai ga wasu ƙananan birai na Kudancin Amurka suna ta danna madanni domin su samu. Waɗannan birai sun taɓa sanin hodar iblis, saboda haka aka yi musu, amma a shekara ta 2003 aka maimaita da biran da ba su taɓa sanin kome ba, suka danna. Biri ba shi da gidan sayarwa, amma ya biya da abin da yake da shi, watau wahalarsa.

A cikin shekara ta 1997 ɗin nan dai, Fernando Rodriguez de Fonseca da abokan aikinsa suka saba wa ɓeraye da wani sinadari mai aikin wiwi na mako biyu, sa'an nan suka katse shi farat ɗaya da maganin toshe kwaɗo. Sai sinadarin tashin hankali da ake kira CRF ya yi sama a amigidala, kamar yadda ake gani ga dabbar da aka raba da giya ko hodar iblis. Daɗin daɗawa, ƙwaƙwalwar da aka dame ta da THC kullum takan rage yawan kwaɗunanta domin kare kanta, an ga haka a ɓeraye, musamman a hifokamfos. Mabuɗin asali ya zo bai sami isassun ƙofofi ba. A ganinmu wannan shi ne asirin maganar mashayi na kullum da yake rantsuwa cewa in bai sha ba ba ya samun natsuwa ko barci. Gaskiya yake faɗa, sai dai wani kaso na fargabar da take kore masa da yamma ita ce ta haifar masa da shi da safe. Albishir ɗin da yake ciki shi ne, a shekara ta 2012 Jussi Hirvonen da abokan aikinsa a Amurka sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu sha kullum, suka ga kwaɗunan sun ragu da wajen kashi 20 cikin ɗari, amma bayan kimanin mako huɗu da dainawa sai suka dawo. Iyaye da malaman da suke fama da mai son tuba su san cewa makonnin farko su ne masu wuya, a nan yake bukatar a tsaya masa, ba a kore shi ba.

Ba za mu ɓoye abin da ya zo ta ɗaya ɓangaren ba, domin amanar ilmi. A cikin ganyen akwai wani sinadari, CBD, wanda ba ya sa maye. A shekara ta 1990 Francisco Guimaraes a Barazil ya nuna yana rage fargabar ɓera a kan katakon nan, kuma a shekara ta 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da tataccensa domin wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani na yara. Haka kuma a shekara ta 2017 Andreas Zimmer da Andras Bilkei-Gorzo a jami'ar Bonn sun ba ƙananan ɓeraye THC ɗan kaɗan na kwana 28. Tsofaffi masu wata 12 da wata 18 tunawarsu ta gyaru, har ta kusanci ta matasa. Wannan labari ya zaga duniya, masu son wiwi suka yi ta murna da shi. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne, a cikin gwajin nan guda, 'yan wata 2 da aka ba irin wannan adadi tunawarsu lalacewa ta yi. Hukuncin magani da likita ya auna ya bayar, wannan babi ne dabam a fiƙihu, mun bar shi ga ma'abotansa.

Batun ƙuruciya shi ne ya fi tsaya mana a rai, domin a ƙasarmu matasa ne abin ya fi ci. Binciken da ofishin ƙididdiga na Nijeriya ya yi tare da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, na shekara ta 2018, ya ƙiyasta masu shan wiwi a ƙasar nan da mutum miliyan 10 da dubu 600, ta fi kowace ƙwaya yawan mashaya, duk da tsananin dokar soja ta shekara ta 1966 da kafa hukumar NDLEA a shekara ta 1989. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam kuwa ba ta gama ginuwa sai ya haura shekara ashirin, kuma tsarin CB1 yana cikin masu aikin ginin. A jami'ar Pittsburgh, a shekara ta 2014, an ba da rahoton matasan birai da aka riƙa ba THC na wata shida: takwarorinsu suna ta ƙara gwaninta a wasan tuna wuri yayin da suke girma, su kuwa ci gabansu ya yi ta ja da baya.

Kafin wannan, a shekara ta 2008, ƙungiyar Iain McGregor a jami'ar Sidni ta Ostareliya ta kwatanta matasan ɓeraye da manya, ta ba su THC gwargwado ɗaya. Manyan sun ƙi abin, suna kuka idan an taɓa su, suna gudun akwatin da aka ba su a ciki. Matasan kuwa bai dame su haka ba. Aka daina ba su duka, aka bari jikinsu ya washe, sa'an nan aka gwada su da wata jarrabawa mai sauƙi. Ɓera bisa ɗabi'arsa in ya ga abu biyu, wanda ya sani da sabo, sabon yake zuwa shinshinawa. Manyan da suka sha wahalar abin a lokacin shan sa sun gane tsohon abu suka nufi sabo. Matasan da ba su ji kome ba su ne suka tsaya suna shinshina abin da aka nuna musu ɗazu kamar ba su taɓa ganinsa ba, kuma da aka duba hifokamfos ɗinsu an sami canje-canje a cikinsa fiye da na manyan.